Kafin ku hau tsani: nasiha ga matasa masu ɗaura kyamarar tsaro

Ƙannena, sana'ar ɗaura kyamarar tsaro ta faɗo hannunku, kuma ina taya ku murna. Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, zai ga kwalayen Hikvision da Dahua da Ezviz da Tapo jere a kan kanta, ga kuma tarin wasu marasa suna da ake sarrafawa da manhajoji irin su V380. A shekarar 1996 wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Axis ya fitar da kyamara ta farko da ake haɗawa kai tsaye da hanyar sadarwar kwamfuta, kuma hoto ɗai-ɗai take aikowa, da jinkiri. Yau ga shi saurayi mai tsani da injin huda bango da wayar Android yana kammala aikin tsakanin azahar da la'asar, mai shago yana Makka yana kallon yaransa suna awon shadda a Kantin Kwari.

Wannan sauƙin shi ne abin da nake ji muku tsoro. Da zarar hoto ya fito a wayar Alhaji sai ya yi murmushi, ya ce madalla, ya sa hannu aljihu. Shi a wurinsa aiki ya ƙare. Amma ba ranar ake sanin ingancin aikinku ba. Ana saninsa ne bayan watanni, ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, an ɓalle kwaɗo, da safe kowa ya taru a kan waya ɗaya ana neman fuskar wanda ya shiga. Idan a ranar aka tarar da baƙin allo, ko wata inuwa da ba a san ko mutum ce ko tunkiya ba, sunanka za a kira, ba sunan kamfanin da ya ƙera ba.

Saboda haka, kafin ka buɗe kwali, zauna da maigidan ka tambaye shi abin da yake son gani. Yawanci zai ce komai. Ka fahimtar da shi cikin ladabi cewa kyamara ɗaya ba ta ganin komai da kyau. Masu sana'ar suna da ma'auni na ƙasa da ƙasa: domin a tantance fuskar baƙon da ba a sani ba, ana bukatar ɗigon hoto kusan 250 a kowace mita ɗaya ta faɗin wurin da ake kallo. Kyamarar da aka fi saye, mai megafiksel 2, ɗigo 1920 gare ta daga gefe zuwa gefe. Raba ka gani: faɗin wurin bai kamata ya kai mita 8 ba. Idan ka kafa ta a ƙuryar fili mai faɗin mita 30 don Alhaji ya ga duka motocinsa, zai ga motocin, zai kuma ga wani ya gilma, amma ba zai taɓa cewa wane ne ba. Abin da ya fi shi ne a sa ɗaya ta tsare ƙofa kurum, inda dole mai shiga ya bi, a bar wata ta kalli filin.

Tsayi ma haka. Wasunku na son kai ta can ƙarƙashin rufi don kada a sace. To ba a sace ba, amma hula da rawani kawai take ɗauka. Tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa: hannu bai kai ba, fuska kuma tana fitowa. Ka duba inda rana take fitowa da inda take faɗuwa, domin kyamarar da ta fuskanci yamma sosai makauniya ce daga bayan la'asar zuwa magariba, duk wanda ya tunkaro ta baƙi ƙirin zai fito. Kuma kada ka yarda ka karɓi kuɗi ka tafi ba ka ga hoton dare ba. Da dare kyamara tana haska gabanta da wani haske da idon mutum ba ya gani. In akwai farin bango ko bakin kwano dab da ita, hasken zai dawo mata ya wanke hoton, gaba ya yi fari fat, nesa ta yi duhu. Ƙwari ma suna taruwa a wurin, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashin. Ga ƙurar hunturu. Faɗa wa mai gida a riƙa share gilashin da tsumma mai laushi, kuma wadda za ta zauna a waje ka tabbata an rubuta IP66 ko sama da haka a jikinta, alamar ƙura da ruwan damina ba sa shigarta. Ka sama mata inuwa, don ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram ba ta ragawa roba.

Sai maganar wuta, wadda nan ne aikin da yawa daga cikinku yake mutuwa. An ce kyamarar Wi-Fi ba ta bukatar a ja mata waya, sai mai saye ya ɗauka da iska take aiki. Hoto ne kaɗai ke tafiya ta iska. Wuta dole a ja mata, in ba irin mai batir da faifan sola ba ce. Kuma ba ita kaɗai ba, har da rauta ko MiFi da take magana da shi. Na sha ganin an ɗora kyamara a kan inbata an bar rauta a soket ɗin NEPA, da an ɗauke wuta sai wayar Alhaji ta ce ba ta ganin komai. Lissafin ba shi da wuya. A ce kyamara tana cin wat 6, rauta wat 10, jimla 16. A awa 24 ke nan wat-awa 384. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da 1200, amma in na ruwa ne rabin kawai ya kamata a ci don kada ya mutu da wuri, wato 600. Zai kai kwana guda da ɗoriya. Yi wa mai gida wannan lissafin a takarda ya gani da idonsa. In ya ce batir ya yi tsada, gaya masa gaskiya: ɓarawo ya fi kowa sanin lokacin da unguwa ta yi duhu.

Kada ku ce wannan ƙaramar matsala ce ta talaka. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 470 da kamfanin ZTE na ƙasar Sin don kafa hanyar sadarwar tsaro da kyamarori a Abuja da Legas, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne. An kafa turaku, an ɗaura kyamarori da faifan sola. Ba a daɗe ba aka fara kwashe batira da faifan, kula ta yi ƙaranci, Majalisar Wakilai ta yi ta bincike. Wanda ya ɗaura kyamara bai tanadi mai kula da ita ba, ƙarshensa ke nan, ko gwamnati ce ko mai shagon fura.

Game da Wi-Fi, abu biyu zan ce. Yawancin ƙananan kyamarorin nan zangon 2.4 GHz kawai suke ji, ba sa jin na 5 GHz. Sau da yawa saurayi zai ɓata awa guda yana nuna wa kyamara lambar QR tana ƙin haɗuwa, ya ce ta lalace, alhali wayarsa ce ke kan zango na biyun. Na biyu, ginin bulo da kankare mai rodi da ƙofar ƙarfe da kwano duk suna cinye sigina. Kafin ka huda bango, kunna kyamarar a daidai inda za ta zauna, ka rufe ƙofofi kamar yadda ake rufe su da dare, ka kalli hoton na ɗan lokaci. In yana tsinkewa, matso da rauta ko ka ƙara na'urar faɗaɗa sigina. A cikin kasuwa inda kowane shago da nasa Wi-Fi, shiga saitin rauta ka gwada tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, su ne ba sa hawa kan juna. In kuma ka ga wurin ya fi ƙarfin iska, kamar babban sito ko gidan mai, ka ce a ja kebul. Wanda ya iya cewa wannan aikin ba na kyamara mara waya ba ne ya fi burge ni a kan wanda ya ɗaura guda goma suna ta tsinkewa. Ka sani kuma ana iya toshe siginar Wi-Fi da gangan, shi ya sa ko yaushe a sa katin memori a cikin kyamarar, ta ci gaba da naɗa ko da sadarwa ta yanke.

Katin nan kuwa, araha ba ta ado. Kasuwa cike take da na jabu waɗanda aka rubuta 128 GB a jiki amma cikinsu bai kai kwata ba, kuma ba sa nuna ƙaryarsu sai ranar da aka nemi hoton shekaranjiya. Gwada kowane kati a kwamfuta kafin ka sa, ka nemi irin wanda aka yi don naɗa ba dare ba rana. Kyamarar da ke fitar da megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan GB 21 da rabi a kwana ɗaya in ba ta tsayawa. Katin 64 GB ke nan kwana uku, sai ta koma ta shafe na farko. Mai gida ya san wannan, don kada ya dawo daga tafiyar mako biyu yana neman abin da ya faru ran da ya tashi. Wannan lissafin shi ne na data ma: in ya bar hoton a buɗe a wayarsa dare da rana, ko ana tura komai rumbun kamfani a intanet, ya haura GB 600 a wata. Saita ta ta naɗa in ta ga motsi, amma ka zana mata iyakar wurin da za ta lura da shi. In ba haka ba, kaza ta wuce waya ta yi ƙara, labule ya kaɗa waya ta yi ƙara, kafin mako guda Alhaji ya gaji ya kashe sanarwar baki ɗaya.

Akwai wani ɗan abu da kusan kowa ke tsallakewa: agogo. Da yawa daga cikin kyamarorin nan suna zuwa da lokacin ƙasar Sin, wanda ya riga namu na Najeriya da Nijar da awa bakwai. Wasu kuma in wuta ta ɗauke sai su koma wata tsohuwar shekara. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da na'ura ta naɗa, amma da sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai. Hoton da ya ce an yi sata ƙarfe tara na safe alhali ƙarfe biyun dare aka yi, kyauta ce ka ba lauyan wanda ake zargi. Minti biyu ya isa a gyara.

Yanzu ga inda nake so ku tattara hankalinku. Kyamarar da Alhaji ke iya gani daga Makka, wani ma yana iya ganinta daga ko'ina in ya sami kalmar sirri. A 2014 aka gano wani shafi mai suna Insecam yana nuna kyamarori sama da 73,000 daga ƙasashe daban-daban kai tsaye: shaguna, ofisoshi, falo, ɗakunan jarirai. Masu shafin ba su fasa komai ba. Kalmar sirrin da kamfani ya saka tun daga masana'anta, irin su admin da 12345, ita suka gwada, ƙofa ta buɗe, domin waɗanda suka ɗaura ba su canza ba. Bayan shekara biyu aka ga wanda ya fi. Wasu samari uku a Amurka, sa'o'inku, suka rubuta wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Aikinta ta yi ta yawo a intanet tana ƙwanƙwasa kyamarori da rautoci da jerin kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta, duk wadda ta buɗe ta zama baiwarta. Na'urori dubu ɗaruruwa suka faɗa hannunta. Da aka saki rubutun manhajar ga kowa, sai a ranar 21 ga Oktoba 2016 aka yi amfani da ita aka afka wa kamfanin Dyn, wanda shafuka da yawa ke dogaro da shi, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa ga miliyoyin mutane. Samarin sun amsa laifin ƙirƙirar ta a kotu a Disamba 2017. Masu kyamarorin da aka yi aikin da su kuwa ba su ma san an shiga ba, hotonsu na fitowa lafiya lau. Abin ya kai ga Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024, ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri guda ta gama-gari. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu babu mai tace su haka. Ku ne matatar.

Don haka canza kalmar sirri shi ne aikin farko bayan kunnawa, ta kyamara da ta rauta duka. Kada ta zama lambar wayar mai gida, ko sunan shagon, ko shekarar haihuwar ɗansa na fari. Doguwa ta fi, ko da kalmomin Hausa huɗu ne da ba su da alaƙa da juna a haɗe da lambobi. Wi-Fi ɗin ya kasance a kan WPA2 ko WPA3, kada a bar shi a buɗe ko a kan tsohon WEP. In rautar tana da sashen baƙi, raba: kyamara a gefe guda, 'yan gida da masu roƙon a ɗan ba su Wi-Fi a ɗaya gefen. Kashe UPnP, kuma kada ka buɗe wa kyamara ƙofa kai tsaye zuwa intanet don wani a YouTube ya ce a yi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu in manhajar tana da ita. Duba ko akwai sabuntawa daga kamfani, domin ko manyan ma ana samun ɓaraka a kayansu: a 2021 an gano wata babba a kyamarorin Hikvision da dama, kamfanin ya fitar da gyara, amma gyara ba ya amfanar na'urar da ba a sabunta ba. Waɗancan marasa suna kuwa, galibi babu mai aiko musu da gyara har su mutu. Ni ba zan sa irinsu a cikin gidan da iyali suke ba.

Amma ɗan kutse na nesa ba shi ne ya fi damuna ba. Kai ne. Na san yadda ake yi: don sauri, sai saurayi ya buɗe asusun da imel ɗinsa ko lambarsa, ya haɗa kyamarar a wayarsa, sannan ya tura wa mai gida. Wai don in ta sami matsala ya gyara daga nesa. Sai ka tarar da waya guda ɗauke da gidaje ashirin. Kafinta ne ya sa maka ƙofa ya tafi da makulli ɗaya a aljihu bai faɗa maka ba. Ko zuciyarka fara ce, wayar tana iya ɓata, abokai suna karɓa su duba, kuma shaiɗan ba ya hutu. Kada ka ce ai kai ba haka kake ba. Kamfanin kyamara na Ring, mallakar Amazon, da duk girmansa, a 2023 ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da sakaci, har wani ma'aikacinsa ya shafe watanni yana kallon hotunan mata a ɗakunan kwana da banɗakuna. Damar da aka bari a buɗe ce ta ja shi. Asusu na mai gida ne, da lambarsa, da imel ɗinsa. In bai iya ba, a kira ɗansa babba ko wanda ya amince da shi. In gyara ya taso, ya ba ka izini na ɗan lokaci ya janye.

Ka kuma lura da inda idon kyamara ya faɗa. Gidajenmu ba irin na Turai ba ne. Muna da zaure inda baƙo ke tsayawa, muna da tsakar gida inda mata ke aikinsu ba lulluɓi, kuma a unguwanni da yawa makewayi ba shi da rufi. Kyamara mai juyawa da aka ɗaura a kan bene tana iya leƙa gida uku na maƙwabta, ta kuma jawo hoto kusa. Wannan ba tsaro ba ne, leƙen asiri ne, kuma kun san aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana shi, kamar yadda Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023. Sunkuyar da kyamarar, ko ka taƙaita juyawarta, ko ka yi amfani da saitin da ke rufe wani ɓangaren hoto da baƙi. Yawancin kyamarorin suna da makirfo, suna ɗaukar hirar masu zama a dakalin ƙofar gida. In babu bukata, kashe shi. A shago ko makaranta ko asibiti, a manna sanarwa cewa akwai kyamara, ma'aikata su sani. Wannan ma yana rage sata tun kafin a yi.

A nan zan ce wa ƙannena mata: akwai gurbi a sana'ar nan da ku kaɗai za ku cike. Gidaje da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure, kuma Hajiya ta fi sakewa ta ce wa mace 'yar'uwarta kada a sa a nan. Ku koya.

Za a zo muku da aikin da ya kamata ku ƙi. Wani zai ce a ɓoye masa ƙarama a ɗakin matarsa kada ta sani. Wani mai gidan haya ne ko mai masauki, yana son a sa a inda bai kamata ba. Kuɗin zai fi na kullum, shi ya sa ma za ka gane. Ka ce Alhaji a yi haƙuri, ba na irin wannan. Ranar da asiri ya tonu, tare za a kama ku, kuma hoton da ya fita ba ya dawowa.

Haka nan ranar da aka yi sata aka kira ka ka ciro hoton. Ciro shi yadda yake, da kwanan wata da lokaci, ka ajiye asalin katin, a kai wa 'yan sanda. Kada ka tura a WhatsApp ko TikTok da rubutun a taya mu nema. Fuskar dare mai dishi-dishi tana kama da mutum goma a unguwa, kuma kun san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka nuna aka ce ɓarawo, tun kafin a tambaye shi sunansa.

Idan ka gama aiki, kada ka karɓi cikon kuɗinka a tsaye a bakin ƙofa. Zauna da mai gida, ka cire wutar NEPA a gabansa ya ga kyamara ba ta mutu ba, ka nuna masa yadda ake komawa hoton jiya, ka rubuta masa kwana nawa katin ke riƙewa da ranar da za ka dawo dubawa. Sannan ka miƙa masa wayarsa ya sa sabuwar kalmar sirri da hannunsa kana kallon wani wajen, ka goge gidansa daga taka wayar yana gani.